Faifan Ajiya Na Kwamfuta Da Yadda A Ke Daidaita Saurinsa A Manhajar Linux

An shirya wannan darasi domin hakimai da malaman ofisoshinsu, musamman inda aka sa kwamfuta mai aiki da manhajar Linux ana ajiye rajistar gunduma a cikinta. Duk abin da malami ya rubuta, ko iyakar gona ce, ko sunayen dagatai da masu unguwanni, ko rahoton haihuwa da mutuwa, ko sulhun da aka yi tsakanin manomi da makiyayi, wuri guda ya ke komawa ya kwanta, watau faifan ajiya. In faifan ya yi nawa, aikin ofis ya yi nawa. In kuwa ya lalace babu kwafi, an rasa abin da ba a sayensa a kasuwa.

Sau da yawa a kan sami saurayi mai ɗan sanin kwamfuta ya ce zai ƙara wa injin sauri, ya ɗebo umurni daga intanet ya buga. Wani lokaci a dace, wani lokaci a tafka asara. Abin da ya kamata hakimi da malaminsa su riƙe shi ne, kowane gyara da a ke yi wa faifai ciniki ne. Ba a samun sauri a banza. A kan biya shi da tsaron abin da aka rubuta, ko da tsawon ran faifan, ko da wutar batir. Wanda ya san farashin kowane gyara, shi ya cancanci ya yi shi.

1. Yadda faifan ya ke

Wanda ya taɓa ganin garmaho zai gane faifan ajiya da sauƙi. A cikin akwatinsa akwai faranti ɗaya ko fiye, an shafe su da sinadari mai riƙe maganaɗisu, suna juyawa a kan sanda guda. Akwai kuma hannu mai ɗauke da ɗan kai, wanda ke karatu da rubutu. Bambancinsa da garmaho shi ne, allurar garmaho tana taɓa faifai, amma wannan kai ba ya taɓa faranti ko kaɗan. Iskar juyawa ce ke ɗauke da shi, tazarar da ke tsakani kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Shi ya sa ba a jijjiga kwamfuta, ba a kuma ɗaga ta, sa'ad da ta ke aiki.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan faifai a 1956. Yana da faranti 50, faɗin kowanne inci 24, duka kuwa haruffa miliyan 5 kaɗai su ke ɗauka. Na yau yana shiga aljihun riga, mai terabait 1 yana ɗaukar haruffa wajen miliyan sau miliyan. Amma duk da wannan ci gaba, hanyar aikin ba ta sake ba: tilas hannu ya tafi inda rubutun ya ke, tilas kuma ya jira faranti ya juyo da shi.

Nan ne asalin nawar ya ke, saboda haka ya kamata a yi lissafinsa. Yawancin faifai suna juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a minti ɗaya. Mai 7,200 yana juyawa sau 120 a sakan guda. In hannu ya isa layin da a ke nema, a kan jira kimanin rabin juyi, watau millisakan 4, millisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Tafiyar hannun kanta ta kan ci millisakan 8 zuwa 12. In aka haɗa, faifai ba ya iya ziyartar wurare 100 dabam dabam cikin sakan guda. In a kowane wuri ɗan gutsure zai ɗauko mai haruffa 4,096, abin da zai tara bai kai rabin megabait ba. Amma faifan nan dai, in rubutun a jere ya ke, hannu bai yi yawo ba, ya kan karanta fiye da megabait 100 a sakan. Bambancin ya wuce ninki 200. Saboda haka mafi yawan gyaran da za a ambata a nan manufarsu guda ce: a rage yawon hannu.

Akwai wata irin ma'ajiya da a ke kira SSD, wadda ba ta da faranti, ba ta da hannu, ba abin da ke motsi a cikinta. Galibin wannan darasi bai shafe ta ba.

2. Linux da kayan aikinta

Linux babbar manhaja ce, watau wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991. Ana ce mata mai buɗaɗɗen tushe domin an yarda kowa ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya rarraba. Ana samunta da sunaye iri iri, kamar Debian da Ubuntu da Fedora. Amfaninta ga wannan darasi shi ne, ba ta ɓoye wa mai ita kome. Haɗarinta kuma shi ne, in mai iko ya ba ta umurnin ɓarna, sai ta bi.

Ana ba da umurni a tagar rubutu, a kan kuma fara da kalmar sudo, wadda ke nuna an ari ikon mai gudanar da injin. Linux tana kiran faifan farko sda, na biyu sdb, haka har gaba. Kafin kome, malami ya tabbatar da faifan da zai taɓa:

lsblk -d -o NAME,SIZE,ROTA,MODEL

Inda aka ga lamba 1 ƙarƙashin ROTA, faifai ne mai juyawa. Inda aka ga 0, SSD ce. A lura, sunayen nan su kan sauya in aka jona wani faifai ta kafar USB, don haka a riƙa dubawa kowane lokaci.

Babban kayan aikin shi ne hdparm, wanda Mark Lord ya rubuta tun shekarun 1990. Ƙa'idodinsa biyu ne. Ta farko, a yawancin umurni, in aka buga harafi ba lamba, tambaya ce kawai, ba abin da zai sake. In aka bi shi da lamba, an yi gyara ke nan. Ta biyu, babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Babban W yana kula da aljihun rubutu, wanda za a bayyana a gaba. Ƙaramin w kuwa yana girgiza faifan ne ya sake tashi, littafin hdparm kansa ya sa shi cikin masu haɗari.

3. Duba lafiya da awo kafin gyara

Ba a ɗaura wa doki marar lafiya sirdi a ce ya yi sukuwa. Sau da yawa nawar faifai alamar ciwo ce. Kowane faifai yana riƙe da lissafin lafiyar kansa, ana kuwa karanta shi da smartctl:

sudo smartctl -a /dev/sda

Zai fito da jeri mai tsawo, kowane layi da lambarsa. Layi na 9 yana nuna awa nawa faifan ya yi a kunne. Layi na 194 yana nuna zafinsa. Layi na 5 yana ƙirga guraben da suka lalace aka maye su da na ajiya. Layi na 197 yana ƙirga guraben da karatunsu ya gagara, ana jiran a ga makomarsu. In layi na 5 ko na 197 ya tashi daga sifiri yana ta ƙaruwa, to, maganar sauri ta ƙare. A kwafe rajista a ranar, a nemi sabon faifai.

Zafi kuma abin lura ne a ƙasar nan. Yawancin masu ƙera faifai sun sa iyakarsa a ma'auni 55 ko 60, ga shi kuwa a Sakkwato da Maiduguri zafin iska kansa ya kan wuce 40 a watan Afrilu. Ƙurar hunturu kuma ta kan toshe fankar injin. Share ƙura da buɗe taga sun fi umurni da yawa amfani.

In an tabbata faifai lafiya lau ya ke, sai awo. A rufe sauran ayyuka duka, a buga:

sudo hdparm -tT /dev/sda

Lamba biyu za su fito. Ta babban T tana auna saurin ƙwaƙwalwar kwamfuta ne, ba ta taɓa faranti ba, saboda haka ta kan kai dubbai, kada ta ruɗi kowa. Ta ƙaramin t ita ce saurin karatu a jere daga faifan. A maimaita sau 3, a ɗauki ta tsakiya, a rubuta a littafi tare da kwanan wata. A sani kuma, awon nan daga farkon faifai a ke yinsa, watau gefen faranti na waje, inda ya fi sauri. Kusa da tsakiya saurin ya kan ragu kusan rabi.

Awon hdparm ba ya nuna kome game da rubutu ko yawon hannu. Don haka malami ya ƙara da awon agogo: sakan nawa injin ya ke ɗauka ya tashi, sakan nawa babbar rajista ke ɗauka ta buɗe, sakan nawa kwafin jakar takardu ke ci. Waɗannan su ne ainihin aikin ofis. Bayan haka a yi gyara ɗaya tak, a sake awo. In aka yi uku a lokaci guda, ba wanda zai san wanda ya yi amfani da wanda ya yi ɓarna.

4. Aljihun rubutu

Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne muhimmanci ga mai riƙe da rajista, ya kamata a fahimce shi sosai.

A ɗauka hakimi ya ba ɗan aike takarda ya kai wa magatakarda a shigar a littafi. Ɗan aike ya sa ta aljihu, ya ce, "Ranka ya daɗe, an shigar," nufinsa in ya tara goma ya kai su gaba ɗaya. Aiki zai yi sauri, gama ba ya kai da komowa sau goma. Amma in ruwa ya ba shi kashi a hanya, takardun sun tafi, alhali hakimi yana zaton suna cikin littafi.

Haka rubutu ya ke a kwamfuta. Yana da zango uku. Zangon farko ƙwaƙwalwar injin ce, wadda ke mantuwa da zarar wuta ta ɗauke. Linux ta kan bar sabon rubutu a can har kimanin sakan 30 kafin ta tura shi gaba. Zango na biyu aljihun faifai ne, wata 'yar ƙwaƙwalwa a jikin faifan kansa, yawanci megabait 64 zuwa 256, ita ma mai mantuwa ce. Faifai ya kan karɓi rubutu a nan, ya ce an gama, sa'an nan ya tsara shi yadda hannu ba zai yi yawo ba. Zango na uku shi ne faranti. Sai rubutu ya kai nan ya zama ajiyayye.

Ana tambayar halin aljihun da wannan umurni:

sudo hdparm -W /dev/sda

In ya amsa 1, a buɗe ya ke, haka kuwa yawancin faifai ke zuwa daga ma'aikata. Ana rufe shi da -W0, ana buɗe shi da -W1. In aka rufe, faifai ba zai ce an gama ba sai rubutu ya hau faranti, rubutu kuma zai yi nawa, musamman ƙananan takardu masu yawa.

Amma kada a ɗauka Linux ta bar abin kara zube. Tsarin jera fayil da a ke kira ext4, wanda ya kammala a 2008, yana riƙe da wani ɗan littafin shaida, inda ya ke rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi. Kowane sakan 5 ya kan rufe shafin shaidar, ya umurci faifai ya zazzage aljihunsa a kan faranti kafin a ci gaba. Wannan umurnin zazzagewa shi a ke kira shinge. Saboda shi ne, in wuta ta ɗauke, injin ya kan tashi da fayilolinsa a tsare, ko da an rasa aikin 'yan sakan na ƙarshe. To, akwai shawarar da ke yawo cewa a rubuta nobarrier ko barrier=0 a fayil ɗin /etc/fstab domin ƙarin sauri. Wannan cire shingen ne. Saurin gaskiya ne, amma ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, mai yiwuwa ne ɓarnar ta wuce takarda ɗaya ta shafi tsarin fayilolin kansa. A ofishin da ke riƙe da haƙƙin jama'a, ba a yin wannan ko da wasa.

Ga yadda ya kamata a yanke hukunci. Kwamfutar hannu mai lafiyayyen batir, da ta tebur wadda aka haɗa da akwatin batir mai riƙe wuta, watau UPS, a bar aljihunsu a buɗe. Ta tebur wadda ba ta da akwatin batir, a garin da wuta ke yawan ɗaukewa, ko inda a ke sauyawa zuwa janareta, ana iya rufe aljihun in awon agogo ya nuna nawar ba ta hana aiki ba. Sai dai a tuna, rufe aljihu zango na biyu kaɗai ya tsare. Abin da ke zangon farko yana nan cikin haɗari. Maganinsa shi ne, bayan an shigar da muhimmin abu an adana, a buga kalmar sync, a jira ta gama, gama ita ke tura duk abin da ke ƙwaƙwalwa zuwa faifai. Haka kuma ba a kashe kwamfuta daga bango, ba a zare faifan waje sai an sallame shi ta hanyar da ta dace. Rigakafi ya fi magani, kuɗin akwatin batir kuwa bai kai kuɗin shari'ar gona ɗaya da rajistarta ta ɓata ba.

5. Barcin faifai da janye hannu

Domin tsimin wuta, faifai yana da dabara biyu. Ya kan janye hannu daga kan faranti ya ajiye shi gefe in ya ga shiru. In shirun ya yi tsawo, ya kan tsayar da juyawar gaba ɗaya. Dabarun nan suna da kyau ga matafiyi mai dogara ga batir, janye hannu kuma yana kare faranti in injin ya faɗi. Amma kowace janyewa tana cin wani abu daga ran faifan. Masu ƙerawa su kan ce faifai zai jure janyewa 300,000 zuwa 600,000.

Lambar tana da yawa a ido, amma a yi lissafi. In faifai yana janye hannu sau ɗaya kowane minti, ofis kuwa yana aiki awa 10, an yi 600 a yini. A haka 300,000 za ta cika cikin kwana 500. Ba tatsuniya ba ce. Wajen 2007 da 2008 masu amfani da Linux a kwamfutocin hannu suka lura lissafin janyewar faifansu yana hawa da sauri ƙwarai. Wasu faifai, kamar samfurin Green na kamfanin Western Digital, an tsara su su janye hannu bayan sakan 8 na shiru, ita kuwa Linux ta kan dawo da ɗan rubutu ba da jimawa ba, sai a yi ta janyewa da komowa yini guda. Layi na 193 a jerin smartctl shi ke riƙe da wannan lissafi. Malami ya duba shi da safe, ya sake dubawa da yamma. In bambancin ya kai ɗaruruwa, akwai gyara. Wani lokaci ma kunne na jin 'yar ƙara, ƙas, ƙas, a kai a kai.

Babban B ne ke kula da wannan, lambobinsa kuwa daga 1 zuwa 255. Daga 1 zuwa 127, an yarda faifai ya tsayar da juyawa. Daga 128 zuwa 254, ba a yarda ba, kuma iyakar girman lamba iyakar raguwar tsimin wuta. Lamba 255 tana kashe dabarar ɗungum, amma ba kowane faifai ke karɓarta ba. Ga kwamfutar tebur da ke aiki yini guda, wannan ya dace:

sudo hdparm -B 254 /dev/sda

Farashinsa ƙarin cin wuta ne da ɗan ƙarin zafi, don haka a riƙa duba layi na 194.

Babban S kuma yana faɗin tsawon shirun da faifai zai jira kafin ya yi barci, ƙirgarsa kuwa tana ruɗin mutane. Daga 1 zuwa 240, kowace lamba sakan 5 ce: 60 minti 5 ne, 120 minti 10, 240 minti 20. Daga 241 zuwa 251, kowane mataki minti 30 ne: 241 rabin awa, 242 awa ɗaya. Sifiri yana hana barcin. Malamin da ya buga 30 yana nufin minti 30, abin da ya samu minti biyu da rabi ne, faifansa zai yi ta kwanciya da tashi, kowane tashi kuwa yana cin 'yan sakan ana jira. Barci ya fi dacewa da faifai na biyu, wanda a ke ajiye kwafi, ba a taɓa shi sai sau ɗaya a yini.

6. Karatun gaba da tsarin layi

In aka buɗe shafin farko na takarda, Linux ta kan yi zaton za a nemi na biyu, sai ta karanto shi tun hannu na wurin. Ƙaramin a ne ke nuna yawan wannan karatun gaba. Yawanci 256 ne, watau gurbi 256 mai haruffa 512 kowanne, kilobait 128 ke nan. Ofishin da ke buɗe manyan fayiloli, kamar hotunan tsofaffin takardu da taswirar filaye, yana iya gwada 1024 ko 2048. Amma in aikin ƙananan takardu ne a warwatse, ƙarin ba shi da amfani, sai cika ƙwaƙwalwa da abin da ba a nema ba.

Sai tsarin layi. Hakimi in zai fita rangadi, ba ya bin ƙauyuka bisa jerin da takardunsu suka iso, sai bisa yadda su ke a kan hanya, don kada ya yi ta kai da kawowa. Amma kuma ba ya barin ƙauyen nesa har abada don kawai yana nesa. Haka Linux ke tsara buƙatun da ke jiran faifai. Ana ganin mai tsarin da ke aiki ta wannan hanya:

cat /sys/block/sda/queue/scheduler

Wanda aka kewaye sunansa shi ne ke kan aiki. Mai suna mq-deadline yana bin hanya, amma ya sa wa'adi: buƙatar karatu rabin sakan, ta rubutu sakan 5, in wa'adi ya cika sai a ba ta gaba. Mai suna bfq, wanda Paolo Valente na ƙasar Italiya ya jagoranci aikinsa, aka shigar da shi Linux a 2017, yana raba lokacin faifai tsakanin ayyuka ne, don kada babban kwafi ya danne malamin da ke son buɗe 'yar wasiƙa. Mai suna none ba ya tsara kome, ya fi dacewa da SSD masu sauri. Ga kwamfutar ofis mai faifai mai juyawa, bfq abin gwadawa ne in yana cikin jerin:

echo bfq | sudo tee /sys/block/sda/queue/scheduler

Ba haɗarin asara a wannan. Awon hdparm ba zai nuna bambanci ba, sai dai a fara babban kwafi, a buɗe rajista a lokacin, a duba agogo.

7. Tsofaffin shawarwari

Intanet ba ya zubar da tsohuwar takarda, saboda haka har yanzu ana cin karo da shawarwarin da zamaninsu ya wuce. Mafi shahara ita ce a buga -d1 domin kunna DMA, watau hanyar da faifai ke zuba rubutu cikin ƙwaƙwalwa kai tsaye. A zamanin faifai masu faffaɗar waya irin ta IDE, wannan ya kan ninka sauri. Amma tun da wayar SATA ta fito wajen 2003, Linux ke kunna shi da kanta, an ma cire tsohon sashen IDE daga zuciyarta a 2021. Haka shawarar a zaɓi mai tsarin layi cfq: an cire shi a 2019. Babban M, mai rage ƙarar faifai ta hanyar rage saurin hannu, yawancin sababbin faifai ba su san shi ba. Shawarar noatime kuwa, wadda ke hana rubuta lokacin da aka buɗe kowane fayil, tana aiki har yanzu, amma ribarta ta ragu tun 2009, sa'ad da Linux ta koma rubuta lokacin nan jefi jefi.

Akwai kuma umurnin da malamin ofis ba shi da hurumin taɓawa. Duk wanda ke ɗauke da kalmar security-erase yana shafe faifai ƙaƙaf. Mai write-sector yana rubuta sifiri a kan gurbi. Mai fwdownload yana sauya manhajar da ke jikin faifan. In hdparm ya ƙi umurni, ya nemi a ƙara wata doguwar jimla ta rantsuwa cewa mutum ya san abin da ya ke yi, to, wurin tsayawa ke nan.

8. Tabbatar da gyara, da rabon aiki

Yawancin gyaran nan su kan ɓace in aka kashe injin aka kunna. Wannan sauƙi ne ga mai gwaji, gama in abu ya ƙi, sai a sake kunnawa. In gyara ya yi mako guda ana aiki da shi ba matsala, sa'an nan a tabbatar da shi. A Debian da Ubuntu ana rubuta na hdparm a fayil ɗin /etc/hdparm.conf, inda apm ke madadin babban B, write_cache ke madadin babban W. Ya fi kyau a kira faifan da cikakken sunansa da ke cikin /dev/disk/by-id, wanda ba ya sauyawa. Bayan an sake kunna injin, a tambayi faifan a ga ko gyaran ya zauna.

Ya kamata kuma a san iyakar abin. Ba umurnin da zai sa faranti ya juya fiye da yadda aka ƙera shi. In faifai lafiya ya ke, an gwada abin da aka ambata, nawar ba ta tafi ba, maganin yana kasuwa: a ƙara ƙwaƙwalwa, ko a sa SSD, a mai da tsohon faifan wurin kwafi.

Aikin malami shi ne ya buɗe littafi na musamman domin kwamfutar ofis, ya rubuta samfurin faifai, da awon farko, da kowane gyara, da ranarsa, da lambar da ya tarar kafin ya sauya, da sunan wanda ya yi. Sau ɗaya a wata ya shigar da layi na 5 da 193 da 194 da 197. Hakimi ba lalle ya iya buga umurni ba, amma shi ne mai amanar rajista. Kada ya yarda kowa ya taɓa injin sai ya ji amsar tambaya uku: an yi kwafi yau? Me za a samu da wannan gyara, me kuma za a biya? Ta yaya za a mayar da shi yadda ya ke? Kwafi kuwa biyu ya kamata, ɗaya a ofis, ɗaya a wani gini dabam, a kuma riƙa buɗe su lokaci lokaci a ga suna karantuwa.

Tambayoyi

Ana so hakimai su sa malamansu su amsa waɗannan a rubuce.

1. Don me karatu a jere ya fi karatu a warwatse sauri?
2. Faɗi zango uku da rubutu ke bi, ka nuna waɗanda ke mantuwa in wuta ta ɗauke.
3. Wane zango -W0 ke tsarewa, wanne kuma ya bari?
4. Faifai yana janye hannu sau 400 a yini. Kwana nawa zai ɗauka ya kai 300,000?
5. Wace lamba za a ba babban S in ana son barci bayan minti 15?
6. Layi na 197 ya tashi daga 0 zuwa 8 cikin mako guda. Me malami zai fara yi?